Kukan Motar Baba

Abu ɗaya Inna ta roƙe ni game da motar nan, kuma shi ne na ɓata. Bari in faɗa daga farko, kada a ce na wanke kaina.

Fijo 404 ce, wadda muke ce wa kat-san-kat, bashe, mai buɗaɗɗen baya. Da ita mahaifinmu, Ɗan'azumi direba, ya shekara ashirin da biyu yana jigilar albasa daga Galmi zuwa Yamai. Da ya rasu aka turo ta cikin gidanmu na unguwar Talaje, gindin itacen bedi, ta yi shekara goma sha tara a nan. Kaji suka mai da kujerarta wurin ƙwai, matata Sadiya tana shanya barkono a kanta. Da na bar aikin biro, wato ofis, kwana uku na yi a gida na fara faɗa da kowa, har da buta. Sadiya ta ce, "Malam, ka nemi abin yi tun ba ka kore mu ba." Sai na dubi motar.

Inna kuwa shekara huɗu ke nan da idonta ya rufe. Da ta ji ana bugun ƙarfe a tsakar gida ta kira ni.

"Aminu, motar ubanku kake taɓawa?"

"Ita ce, Inna. Tada ta zan yi. Wane launi kike so a yi mata?"

"Makauniya kake tambaya launi? Shafa mata toka in ka ga dama. Ni kukanta nake so in ji, ko sau ɗaya, kafin a kira ni."

Ta sake ba ni labarin da na sha ji. Tun motar tana kwanar masallaci take gane ta, cikin motocin garin nan kaf. Wani tari biyu take yi in Baba ya sauya giya, sannan ta ja dogon numfashi. Da jin haka sai Inna ta ɗora ruwan tuwo, kafin ya yi sallama ya tafasa. Ta ce ba ta taɓa kuskure ba. Na ce mata in sha Allah za ta ji, kuma a lokacin har zuciyata na faɗa.

Na ɗauko Bawa, tsohon makanike na unguwar Bukoki, wanda tun zamanin Baba shi ke duba ta. Ya buɗe injin, ya sa yatsa, ya sunsuna. Ya ce, "Bai mutu ba, barci yake. Amma sai haƙuri. Kayansa sun yi wuya, sai an bi kasuwar Katako rumfa-rumfa. Wata shida, ko takwas."

Haƙuri, ga mutumin da ko layin burodi ba ya iya tsayawa. Na daure wata biyu. Da hannuna na kankare tsatsar jikinta har yatsuna suka yi kanta, na sa aka liƙe ƙasan da ya huje, na canza katakon baya. Injin kuwa yana kwance a kan buhu, hanjinsa a waje, Bawa yana zuwa da ƙusa ɗaya yau, zobe ɗaya jibi.

Ana nan sai ga Zakari, abokin aikina na da, mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba amma ya san komai. Ya zagaya motar ya ce, "Wa ke wahala da tsohon injin isansi mai shan fetur a zamanin nan? Sa mata na gazuwal, na dizal ke nan, ka je Tawa ka dawo ba ta yi gumi ba." Ya ma san inda ake da ɗaya, na wata mota da ta faɗi. Maganar ta shige ni. Na hango kaina a kan titi, mutane suna nuna ni.

Bawa ya ce, "Alhaji, wannan ba gyara ba ne. Me za ka ce wa Hajiya mahaifiyarka?"

Na ce, "Inji ai inji ne. Tsohuwa mai shekara tamanin ce za ta bambanta?"

Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa. Bawa ya ɗaura sabon injin cikin kwana tara.

Tsohon injin ya zauna a zaure yana tare hanya. Ranar da Sadiya ta yi tuntuɓe da shi ta fasa ɗan yatsa, raina ya ɓaci, na kira wani mai sayen tsohon ƙarfe da ke wucewa da kura, na ce ya kwashe min shi daga gani. Inna ta ji ana jan abu.

"Me ake fitarwa?"

"Injin ne, Inna. Garajin Bawa za a kai a wanke."

Bayan mako guda na shigo na tarar Inna tana kwaikwaya wa Sadiya kukan motar da bakinta, ba haƙori, tana "kuf, kuf," ta ja dogo, tana dariya har da hawaye. Gari na wayewa na tafi Katako, na bi maƙera masu zubin tukwane ɗaya bayan ɗaya har na samu wanda aka kai wa. Ya ce kan injin sanholo ne, tun ranar Talata ya narka shi. Ya nuna min tukwane a jere suna ƙyalli. Sauran ƙarfen an farfasa, ya bi babbar mota.

Na koma wa Bawa na ce ya nemo min wani irinsa ko a ina yake. Ya girgiza kai. Ya ce ko an samu, ba zai yi tarin nan ba. Wani ɗauri ne Baba ya yi wa injin da waya, wata rana da ta mace masa a hanyar Ƙonni, kuma bai taɓa bari a kwance ba. Baba kaɗai ya san yadda ya yi.

Sadiya ta ce in gaya wa Inna gaskiya. Sau uku ina zuwa bakin ɗakinta, in gaishe ta, in tambayi ƙafarta, in fito. Tsoro ne, ba wani abu ba. Na ƙarasa aikin dai: shuɗin fenti, sababbin tayoyi, kujera mai laushi. Maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka, ni kuwa kamar ana watsa min ruwan zafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na salla, ta sa turare. Na riƙe hannunta na zaunar da ita a kujerar gaban motar. Ta shafa ƙofa, ta shafa gilashi, ta ce bismilla. Sadiya tana tsaye gindin bedi, ta ƙi kallona.

Na murɗa makulli. Injin ya tashi nan take, lafiyayye, yana ƙwanƙwasa kamar na niƙa. Inna ta karkata kai. Ta daɗe a haka.

"Ja ta mu ji," in ji ta.

Na fita da ita har kwanar masallaci, na sauya giya, na sake sauyawa, na dawo. Ko tari ɗaya babu. Ta ce in kashe. Na kashe, na jira ta kira ni maƙaryaci. Wallahi da ta yi, da na ji sauƙi.

Sai ta ce, a hankali, "Aminu, ban gane ta ba."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Da ido ya tafi na ce ba komai, ina da kunne. Ashe shi ma ya bi. Shekara ashirin da biyu ina jin motar nan, yau ga ni a cikinta, kamar ta baƙo. Na manta kukan motar ubanku." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Kada ka gaya wa ƙannenka. Za su ce hankalina ya fara tafiya."

Nan ne wurin faɗin gaskiya. Kalma huɗu ce ko biyar, kuma suna kan harshena. Na dubi fuskarta, na dubi sitiyari, na ce, "To, Inna. Ba zan faɗa ba."

Wata biyar ke nan. Sadiya tana ba ni abinci, tana amsa gaisuwata, amma ba ta taɓa shiga motar ba. Ni ma ban kai ta Tawa ba, ko Talaje ba ta bari ba. Kullum da hantsi, in Inna ta gama shan kununta, sai ta sa a fito mata da tabarma kusa da bedi, ta gyara zama, ta juyo da kunnenta na dama.

"Aminu, tada ta. Wataƙila yau in tuna."

Sai in ɗauko makulli in tada mata.