Awa Ɗaya Daga Yola

Tun da Yaya Munir ya miƙo mata wayarsa a bakin rumbu, Barira ba ta ƙara samun natsuwa ba. Rubutun a fili yake: daga filin jirgin Yola zuwa na Kano kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, tafiyar awa ɗaya a sama.

"To lissafa mana," in ji Munir, yana ɓare gyaɗa. "Angon naki ya ce da bakwai na safe zai hau jirgi. Sai magariba ya shigo Rimin Gado. Ragowar awannin fa? Ko gajimare ya tsaya gaisarwa?"

Ta yi dariyar dole. Jiya wuni guda wayar Ja'afaru a kashe, wai ba a kunnawa a jirgi. Shekararsa biyu yana koyarwa a Yola, kuma ita ba ta san ko wa yake gaisarwa a can ba, balle a hanya. Ga shi gobe kawunnansa za su zo sa rana, Baba kuma ya ce kafin nan yana son jin ta bakinta.

Bayan la'asar Ja'afaru ya zo zance, cikin shadda mai ruwan sararin samaniya, da murmushin nan da ya saba kashe mata jiki. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna nesa.

"Ranki ya daɗe, yau gaisuwar a tsaitsaye?"

"Yaya jirgi?"

"Lafiya lau. In ka leƙa ta taga, gonaki kamar an jera faifai."

"Awa nawa kuka yi?"

Ya gyara hula. "An ɗan samu jinkiri."

"A ina?"

"Kin san harkar jirgi..."

Ba ta sani ba, shi ya sa ta ƙura masa ido. Abu ɗaya ta tabbata a kansa: ko zai yi wasa da komai, ba ya wasa da zancen salla.

"Malam, a ina ka yi azahar jiya?"

Ya sunkuyar da kai. "A Darazo."

"Jirgin ne ya sauka a Darazo?"

"Motar haya na hau, Barira. Mu huɗu a baya, da kwandon bandar kifi a kan ƙafata. Na ji yadda kike ba da labarin mijin ƙawarki da jirginsa, sai bakina ya riga ni. Wayar kuma na kashe ne kada ki ji ƙarar mota."

Babu wata mace ke nan. Sanyi ya ratsa ta har hawaye suka taru. Amma kafin su zubo wani tunanin ya tare su: gonakin nan da ya kwatanta mata yanzun nan, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Da ƙafa ka zo ma, ruwa zan kawo maka," ta ce a hankali, tana miƙewa. "Ka ce wa su kawu su dakata sai bayan an kai dawa gida."

"Barira, wata biyu fa ke nan."

"Na sani. Zan gaya wa Baba da kaina."