Goro Ta Ci Zana

"Ba ta gani, Malam. Wallahi ba ta gani," in ji Yakaka, tana nuna saniyarta.

"Kaɗa mata mayafinki mu ga," in ji Harun, mijinta.

Yakaka ta kaɗa. Saniyar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ɗaga kai sama kamar mai neman wani abu a gajimare, wuyanta a sanƙare, ƙafafunta suna rawa.

Goro ake ce mata, saboda jan jikinta. Ita kaɗai ta rage daga garken mahaifin Yakaka, kuma nononta jaririyarsu Gumsu take sha tun da na uwar ya ƙafe. A ruga ciyawa kawai ta sani. Da suka dawo birnin Yerwa suka kama gida a unguwar Mafoni, Harun, don ya faranta wa matarsa, ya shiga cika mata akushi da gero da dusa safe da yamma. "Saniyarki ta zama 'yar birni," yakan ce yana dariya. Nono ya ƙaru da farko, sai zawo ya biyo baya, yau kuma ga wannan.

"Wushe, wushe!" Mahaucin unguwar ne, Ba Ajimi, ya shigo da gaisuwar Barebari, wuƙa naɗe a tsumma. Ya dubi saniyar ya girgiza kai. "Jiragen sojojin nan take kallo, ko aljanu? Harun, kada ku bari ta faɗi. In ta mutu da kanta, mushe ce, sai angulu."

Yakaka ta kafa wa tsumman wuƙar ido. Gumsu ta motsa a bayanta, ta fara ƙananan kukan yunwa.

Harun ya tura akushin gero ƙarƙashin hancin saniyar. "Ci mana, Goro. Me na rage ki da shi?"

Goro ta kau da kai. Ta yi tangaɗi, ta tafi da lalube har goshinta ya daki zanar da ta kange gidan daga titi. Ta tsaya tana shinshina. Sai ta zaro harshe, ta fizgo busasshiyar ciyawa daga jikin zanar, ta fara taunawa a hankali.

"Kai, za ta cinye muku sutura!" in ji Ba Ajimi. "Ku riƙe ta in gama."

Yakaka ta dubi geron da ba a taɓa ba, ta dubi muƙamuƙin da ke juyawa kamar yadda yake juyawa a ruga. Ko ciyawar za ta dawo da idon, ba ta sani ba. Wataƙila kafin la'asar su rasa nonon, su rasa naman. Ta ɓular da Goro ta yi a zanar ta hango masu wucewa sun fara leƙe, ita da ba a taɓa ganin tsakar gidanta ba.

Ta gyara goyonta, ta shiga tsakanin mahaucin da saniyar.

"Ba Ajimi, mayar da wuƙarka. Malam, ɗauke geron nan, ka kwance mata zanar duka. Duk mai son kallonmu ya kalla."