Sandar Garso ta Biyu

Shekarar da soja suka canza launin kuɗi, ruwa ya ɗauke tun gero bai cika ido ba. Kafin a gama kwashe ɗan abin da gonaki suka bayar, fadamun bayan Zugu sun tsage, shanun rugar Arɗo Surajo sun fara cin ganyen da a da ko kallonsa ba sa yi. Aka ce sai tashi. Tashi kuwa ba ya yiwuwa sai garso ya je ya dawo.

Dabo ne garson. Shekara goma sha tara shi ke shiga gaba ya gano inda ciyawa take, da mashigin da shanu za su tsallake gulbi, da garin da manomansa ba su da saurin hannu. In ya dawo ya ce kudu, kudu za a yi. Shanunsa ba su da yawa. Abin da ya mallaka a rugar shi ne in ana maganar hanya ya buɗe baki, kowa ya yi shiru.

A wannan karon da Atiku ya tafi, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda Dabo ya girme da shekara tara. Tun suna yara ba su iya zama wuri ɗaya ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba.

Kwana uku suna tafiya kudu. Ran na ukun da hantsi, suna gangarowa daga wani tudu mai tsakuwa wanda ke kallon gulbin Ka, gwiwar Dabo ta hagu ta ƙi ɗaukarsa. Shekara biyu ke nan yana ɓoyon ta, matarsa Hawwa'u kaɗai ta sani, ita ke murza masa man kaɗe. Ya zube a kan dutse, zufa na zubo masa.

"A'a, bawana, ƙasa kake gaishewa?" in ji Atiku. Da ya ga fuskar sai ya bar dariya. Ya taɓa gwiwar ya ji ta da zafi, ya zare adda ya shiga kurmi. Ya dawo da reshen dargaza miƙaƙƙe, ya fere shi, ya auna shi da jikin Dabo, ya datse daidai gwiwar hannu.

"Sauke waccan sandar daga wuya. Biyu za ka riƙa."

Dabo ya kalle shi. Sandar makiyayi a kafaɗa take zama, a rataya hannuwa a kanta. Da ita ake juya sa, da ita ake nuna hanya. Ranar da mutum ya fara dogara ta a ƙasa, ranar ya shiga sahun masu zama gindin itace. Balle biyu.

"Ni ba kuturu ba ne."

"Wa ke ganinka nan in ba birai ba? Tashi."

Atiku ya taɓa yi wa wasu masu awon duwatsu jagora wajen Bagega, a cikinsu akwai wani dattijon Bature mai tafiya da sanda biyu, shi ya tsaya ya lura da shi. Yanzu ya shiga koya wa Dabo. In ƙafar hagu ta fita, sandar dama ta fita tare da ita. A gangare sanduna su riga ƙafa sauka, a kafa su da kyau kafin a sakar musu nauyi. A hawa kuwa a zame hannu ƙasa kaɗan, sandar ta gajarta. Kada a kife ƙirji a kansu, kada a damƙe su kamar za a yi faɗa.

"Nauyin da gwiwa ke ɗauka ita kaɗai, raba mata shi da kafaɗu. Kai da ba ka raba komi da kowa, marowaci."

Dabo ya gwada yana tsaki. Taku goma, taku ashirin. Kafin su kai gindin tudun ya gane abin da bai so ganewa ba: zafin ya ragu da fiye da rabi. A bakin gulbi Atiku ya nuna masa yadda zai kafa sanda ɗaya ta inda ruwa ke zuwa, ya lalubi ƙasa da ɗayar, kada ya ɗaga ƙafa sai abu uku na tsaye. Ya haye bai ko tangaɗi ba. Rabonsa da tafiyar yini guda ba ya cije leɓe har ya manta.

Sun sami ciyawa a hayin gulbin. A hanyar dawowa, da rugar ta kusa, Dabo ya tsaya ya cusa sandar dargazar cikin wata sabara, ya mayar da tasa kafaɗa.

"Atiku. Wagga magana ta tsaya nan."

"Haba dai."

"Rantse."

"Wallahi ba mai jin ta bakina."

Washegari da safe maza suka taru a inuwar marke. Dabo ya tsara musu hanya zango zango, Arɗo Surajo na gyaɗa kai. Yana cikin bayanin inda za a shayar da maruƙa sai ga Atiku ya iso a makare, da sanda biyu a hannu. Ya ratsa mutane ya ajiye ɗaya a gaban Dabo.

"Bawana, ka mance ƙafarka ta huɗu cikin sabara. Na ce kada gara ta cinye ma ita, mu rasa mai kai mu Ka."

Wuri ya fashe da dariya. Atiku har da kwaikwayon tafiyar, yana dogara nan yana dogara can. Dabo ma ya buɗe haƙora, don abin da ake yi ke nan. Wasan taubashi ba a fushi da shi. Wanda ya ɓata rai shi ne ya yi abin kunya. Atiku ya san haka, ya kuma san Dabo ya sani.

Arɗo kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki sandar ya juya ta, ya ga ƙasanta ya daku da duwatsu.

"Dabo, taka ce?"

Zai iya cewa wasa ne, da yawa za su so su yarda. Amma bai taɓa yi wa Arɗo ƙarya a kan hanya ba.

"Tawa ce."

Arɗo ya ajiye sandar. Ya ce shanu ɗari huɗu ne, da mata da goyo, kuma mai shiga gaba yana bukatar hannu ɗaya a sake. Ya ce Dabo ya yi musu abin da ba za su iya biya ba. Bana Atiku zai ja, tun da ya ga hanya da idonsa.

Da azahar Dabo na zaune bayan bukkarsa yana gyaran igiyar maruƙa, yana juya abu ɗaya a ransa. Sandar ta yi masa amfani, wannan ba ƙarya ba ne. Gwiwar ta lalace, wannan ma ba ƙarya ba ne. To a ina cutar take? Abin da ya fi cinsa shi ne bai san lokacin ba. Tun Atiku na feren reshen ya ƙulla, ko sai da ya ga an cusa shi a sabara? Hannun da ya taɓa gwiwarsa a kan tudu, tausayi ne ko awo?

Sai ga Atikun ya zo ya tsuguna nesa kaɗan.

"Da na yi shiru, ka faɗi tsakiyar ruwa da garke bayanka, mi za a ce?"

"Da ka zo ka same ni ni ɗaya."

"Da ka ji?"

Dabo ya ƙulle bakin igiyar. Ya san da bai ji ba.

"Ka rantse, Atiku."

"Na rantse. Zan yi kaffara, azumi ukku."

"Ashe azumi ukku ya ishe ni."

Atiku ya tsinki ciyawa ya sa a baki. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, akwai abin da bai riƙe ba. Mashigi biyu suka gani a Ka, na wajen giginyu da na ƙasa mai faɗi. Wanne za a bi da shanu?

Dabo ya ci gaba da murɗa igiya. Na ƙasan ya fi kyau a ido, kowane baƙo shi zai zaɓa. Mutum yana haye shi lafiya. Amma in manyan shanu hamsin suka tattake shi, laka ke buɗewa ta riƙe maruƙa har wuya. In ya yi shiru yanzu, ranar tsallakawa kowa zai san wane ne garso. Ya ji daɗin wannan tunanin, kuma bai yi saurin korarsa ba. Sai dai maruƙan ba na Atiku ba ne shi kaɗai, akwai na Goggo Marka da ba ta da kowa, akwai nasa guda biyu.

"Na giginyu," ya ce. "Maruƙa su fara shiga, kafin manya su dama ruwan."

"Allah shi saka, bawana."

"Dabo sunana. Daga yau shi za ka kira. Wasa ya ƙare tsakaninmu."

Atiku ya tashi ya tafi.

Ran tashi, Dabo ya tsaya a baya tare da takarkarai da mata, sanda a kowane hannu, bai ɓoye ba. Hawwa'u na gefensa da ƙore a ka. Can gaba Atiku ya ɗaga sanda ya yi kira. Dabo ya kasa kunne, ya ji kiran ya yi gajere, ba haka ake jan sa ba. Ya jira shanun su tsaya su waiwayo.

Ba su waiwayo ba. Farar saniyarsa ma, wadda ya karɓi haihuwarta da hannunsa, ta kaɗa kunne ta bi sahu.