Robar Talata da ta Laraba

"Ɗauki biyu mana, ɗaya ina za ta kai muku?" in ji Maman Biyu. Tana durƙushe gaban firiza, hannu ɗaya riƙe da murfin, ɗayan dafe da ƙirji, tana jiran numfashinta ya daidaita.

Ni kuwa ina tsaye a ƙofar kicin ɗinta da farar rigar aikina ta kemis, ko takalmi ban cire ba. Dawowata ke nan na tarar da surukata da ƙannen mijina uku sun cika mini falo, ba waya ba saƙo, wai sun zo su yi hutun ƙarshen shekara da jikoki. Tukunyata kuwa babu komai a ciki sai ludayi. Shi ya sa na tsallaka zuwa ƙofar da ke kallon tawa ina murmushin mai neman alfarma.

"Ba na asibitinki ba ne waɗannan?" na tambaye ta. Na san amsar sarai, tambayar wanke kai ce kawai. Ga jakar asibitinta ma a bayan ƙofa, ta ɗaure silifas da ƙaramin filas a jiki.

"Sai in sake yi. Miya ce fa, Anti Kemis, ba gini ba. Gobe in yi biyun, jibi in tafi."

Robobi bakwai ne jere a firizar, kowacce da farin salatif a murfi, an rubuta sunan rana da biro. Ta zaro ta Talata da ta Laraba ta miƙo mini. Na karɓa, na yi godiya har sau uku, na fita da sauri kada in canza shawara.

Shekara shida muna zaune a hawa na uku ni da ita. Tikiti take sayarwa a tashar jirgin ƙasa, bayan wani gilashi mai ɗan rami, daga safe har la'asar. 'Ya'yanta huɗu: babbar mai shekara goma sha ɗaya wadda kowa ke kira Yaya, sai 'yan biyu maza, sai Auta da bai cika shekara uku ba. Mijinta, Injiniya, gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, amma irin kirkin nan ne da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Tun kafin a rufe makarantu ƙafafunta suka fara kumbura. Matattakalar da take hayewa da Auta a goye da leda biyu a hannu, sai ga shi tana zama sau biyu kafin ta iso. Ni na auna jininta a kemis, ni na tasa ta gaba zuwa wurin likita. Ya ce zuciya ce, ruwa yana taruwa, a kwantar da ita mako guda, kuma yau yake nufi, ba gobe ba. Ta ce ya ba ta kwana uku ta kimtsa gida.

Kimtsawar ita ce robobin nan. Miyar kwana bakwai, kayan yara kala bakwai a goge, ta yadda Injiniya ba zai yi komai ba sai dafa shinkafa da ɗumama miya. "Ran da na cika bakwai da ƙafata zan je," haka take ce mini. Ta cika su sau ɗaya, sai wan Injiniya ya biyo ta garin da matarsa da 'ya'ya biyar a hanyarsu ta zuwa hutu, suka kwana uku, suka bar mata robobin a wurin wanke-wanke. Ta sake cikawa. Ranar da ta rufe ta bakwai ita ce ranar da na ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Surukata ta ci miyar nan har tana lasar yatsa. "A'a, ashe kin iya girki kika ɓoye mana?" ta ce. Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, na karɓi yabon.

Na yi niyyar in dafa in mayar mata washegari, Allah ya sani na yi niyya. Amma duk wanda ke da yara ya san abin da ake kira hutu. Makaranta ta sako maka su, wurin aiki ya riƙe ka. Kemis ya cika da masu tari da masu ciwon ciki na yawan ciye-ciye. In na dawo, wannan ya fasa wa wancan baki a kan rimot, surukata tana son ruwan zafi a bokiti ba na famfo ba, ƙannen miji sun jiƙa tawul huɗu sun zube a kan gado. Baban yara kuma ya ɗauki hutunsa da gaske, yana kwance a doguwar kujera yana tambayar me za a ci. Kullum in ce gobe.

Ita ma goben ba ta zo mata ba. Abokiyar aikinta ta yi tafiya, tasha ta cika da matafiya, shugabansu ya ce ba mai motsawa sai an koma makaranta. Ta riƙa tsayuwar mutum biyu. A matattakala muke haɗuwa da safe, ina sauka a guje, ita tana bin bango.

"Nawa yanzu?" in tambaye ta.

"Biyar dai."

Bayan kwana biyu ta ce shida. Na tsaya na kalli ƙafarta, fatar har ƙyalli take yi, takalmin ya ƙi shiga sai ta take bayansa.

"Maman Biyu, don Allah ki bar robobin nan ki tafi yau. Ni zan ciyar da su."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ke da kika zo aro? Rufa wa kanki asiri, 'yar uwa, naki ma sun ishe ki."

Maganar ta yi mini zafi, amma ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji da ta ƙi. Na sauka ina lissafin da a ce ta yarda, baki nawa ke nan a kaina. Har yau in na tuna daɗin nan sai in ji na tsani kaina.

Da yamma na tare Injiniya a bakin get yana sauke jakar kayan aiki daga babur.

"Injiniya, matar nan fa ba ta da lafiya. Likita cewa ya yi a kwantar da ita."

"Wallahi Anti, kullum sai na ce ta huta. Ba ta jin magana. Ta ce mini ƙaramin abu ne, da an gama hidimar nan za ta je." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba. "Kin gani ko, ɗakin sanyin wani otal ne ya tsaya, naman mutane zai lalace. Bari in je in dawo." Ya mayar da jakar kan babur ya juya.

Washegari wan nasa ya sake biyowa a hanyarsu ta komawa gida. Na ji hayaniyarsu tun daga hawa na ɗaya, yara suna tsere, matar tana cewa ai sun yi kewar miyar amarya. Shekara goma sha biyu da aure har yanzu amarya suke ce mata. Kafin dare ya yi roba uku sun tafi.

Ranar Asabar da azahar ina gida ina yanke wa ƙaramina farce, sai aka doki ƙofa da tafin hannu. Yaya ce, idonta a waje.

"Anti, Mama ta zauna a ƙasa ta ƙi tashi."

Na ratsa falonsu. Maza suna kallon ƙwallo, an ƙure sautin, yara sun baje a kafet. Babu wanda ya ji komai. A kicin na same ta jingine da kabad, ƙafafu a miƙe, leɓenta ya yi duhu. Tukunya tana tafasa a kan gas, ga robobi huɗu a buɗe a jere, ta riga ta manna musu sabon salatif. Biron yana hannunta.

Na ƙwalla ihu, sai a lokacin aka kashe talabijin. Injiniya ba ya gida, Baban yara da wan Injiniya ne suka ɗauko ta hawa uku a kan kujerar roba. A mota na ɗora kanta a cinyata. Titi ya cushe da masu sayayya da masu komawa gida, kowace mota da katifa ko akwati a sama. Baban yara yana ta danna hon, ba wanda ya matsa.

"Anti," ta ce, da ƙyar nake jin ta. "Kin kashe gas?"

"Na kashe. Yi shiru."

"Auta ba ya cin yaji. Tasa mai jan murfi ce."

"Na ji. Ke za ki ba shi da kanki."

Ba ta sake magana ba. Muna iya hango get ɗin asibitin na ji kanta ya ƙara nauyi a cinyata. Likitan da ya duba ta shi ne na farkon. Ya cire abin sauraren daga kunnensa, ya dube ni, ya gane ni. "Ba ke ce ta kemis ɗin nan ba? Mako biyu ke nan fa da na ce a kwantar da ita."

Bayan an kai ta gidan ya cika da 'yan gaisuwa. Wata ta buɗe firiza ta ga roba uku, ta ɗumama, aka haɗa da ta kan gas, aka dafa shinkafa aka rarraba. Ina zaune a lungu ina kallon mutane suna ci. Wata tsohuwa ta tambayi wace ce ta yi miyar nan, a sa mata albarka. Wan Injiniya ya ajiye cokali ya girgiza kai.

"Allah ya jiƙan amarya. Mace mai juriya, ko sau ɗaya ba mu ji ta ce wash ba."

Na so in jefe shi da faranti. Abin da ya riƙe hannuna shi ne ni ma na ci nawa, har da yabo a kai.

Kwana huɗu na kasa haɗiye abin. Na sami Injiniya shi kaɗai a kicin yana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya, yana neman sukari.

"Injiniya, ni na ɗauki biyu. Ranar da ta cika, ni na zo na ɗauki biyu. Da washegari za ta tafi."

"Biyun me, Anti?"

Na gaya masa duka, robobin da ranakun da jakar da ke bayan ƙofa. "Na ɗauka tsari ne kawai irin nata," ya ce. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu. Na zo ne ya zage ni ko ya yafe mini, bai yi ko ɗaya ba. Na ɗauko masa sukarin a bayan gwangwanin madara na fita.

Ranar Litinin aka koma makaranta. Baƙi duk sun watse, nawa da nasu. Na fito da yarana a makare, ƙofarsu a buɗe. Injiniya ya fita tun da sassafe da 'yan biyu. Yaya tana baranda da rigar makaranta, ta kifa bokiti ta hau, tana shanya wankin ƙannenta, Auta yana riƙe da gefen siket ɗinta yana kuka.

"Yaya, ba za ki makaranta ba?"

"Baba ya ce in zauna da Auta yau, kafin a samu wata."

Na duba agogo. Yarana suna ƙasa suna kirana, mai kemis ya riga ya yi mini waya sau biyu. Na ce mata in na dawo za mu yi magana, na kulle ƙofata na sauka.

Da na fito titi na ɗaga kai. Ba a ganin ta daga ƙasa, bangon barandar ya fi ta tsawo. Hannuwanta biyu kawai suke leƙowa, suna miƙa jiƙaƙƙen wando zuwa igiya.