Kwat Daga Zanen Kaka

Ba ɗabi'ata ba ce yabon yaran yanzu. Yawancinsu hannunsu na riga hankalinsu isa ga almakashi. Amma Moradeke, 'yar maƙwabcina Baba Lasisi, ta sa na sassauta.

Baba Lasisi masaƙin ashoke ne, wato saƙin gargajiya na Yarbawa, a nan Iseyin. 'Yar tasa tana ɗinkin zamani a Legas, kuma duk abin da take ɗinkawa shi ke saƙa mata. Ina zaune a rumfarsa ranar da ta zo ta durƙusa ta roƙi zanen marigayiya kakarta, wani tsohon ashoke baƙi mai ɗigon fari. Ta ce kwat za ta yi da shi, za ta kai wurin nunin tufafi.

Ya ce, "Kwat? Uwata 'yar sanda ce?"

"Baba, a akwati fa yake. Asu kaɗai ke ganinsa."

"Asun ya fi ki ladabi, kaɗan-kaɗan yake ci. Ɗauki. Amma in almakashi ya taɓa shi, kada ki sake kawo mini zare."

Ba ya magana biyu, kuma masaƙan layinmu duk yaransa ne. In ya juya mata baya, sana'arta ta mutu. Na ce mata ta ajiye zanen ta tafi da albarkar ubanta. Ta yi mini godiya cikin ladabi, ta tafi da zanen.

Bayan nunin sai ga ta da ƙullin zare da kwat, doguwa har gwiwa, mai tsayayyar kafaɗa. Ni da ba na son kayan ƙarya, sai da na gyara zama. Baba Lasisi bai ko kalli kyanta ba. Ya juya cikinta waje, ya shiga bin kowane baki da yatsa yana neman yanka.

Bai samu ba. Ashoke falle-falle ake saƙa shi, faɗin tafin hannu, sannan a haɗa da allura. Wannan haɗin Moradeke ta bi ta warware da tsinin allura, ta sake jera fallayen yadda take so. Inda falle ya yi tsawo, ta naɗe shi ciki ya zama shafi.

Ya ce, "Ina ragowar?"

"Babu ragowa, Baba, duk yana ciki. In zanen kake so, in warware in mayar maka."

Ya daɗe yana shafa wuyan kwat ɗin, sannan ya zura ta a kan 'yar sharar jikinsa.

"Kafaɗar hagu ta karkace."

"Taka ce ta karkace, Baba. Shekara nawa kana jefa ƙoshiya?"

Yaran rumfa suka sunkuyar da kai suna dariya. Da 'yata ce, da ta ji a jikinta. Shi kuwa sai ya koma mazauninsa da kwat a jikinsa, ya miƙa mata hannu.

"Kawo zaren in gani, marar kunya."