Shanun Bappa a Gonar Ishiyaku

Da Baturen da Ishiyaku yake wa aikin masinja a Kano ya koma ƙasarsu, sai Ishiyaku ya tattaro ya dawo Durba da jar dara, da buta mai murfi, da Turanci cike da baki. Darar da butar dai sun samu masu aro. Turancin ne ya rasa mai so ko a kyauta.

Ya yi tallarsa iyakar yi. Ya tari samari a bakin kasuwa, suka ce iyayensu sun hana. Ya gwada matarsa Zuwaira, ta ce ita da bakin da take salati ba za ta yi wannan gwalangwalan ba. Ba ta tsaya nan ba, sai da ta kai wa matan unguwa labarin wai har cikin barci yi yake. Kun san matan Durba. Kafin sati an ce aljanin Nasara ne ya biyo shi tun daga birni. Maza ba su kore shi ba, amma in ya zo majalisa sai hira ta koma kan farashin gishiri har ya tashi.

Da aka gama girbi, wani Bafulatani mai suna Bappa ya sauka da garkensa a gonar Ishiyaku, yadda aka saba, shanu su ci kara su bar taki. Wata safiya ya tarar da maigona tsugune a gindin ɗorawa yana magana shi kaɗai. Ya tambaye shi ko lafiya. Da ya ji bayani sai ya yi dariya, ya ce shi da ya iya haɗiye Hausa, wane yare ne zai tsaya masa a wuya.

Haka makaranta ta buɗe, ɗalibi ɗaya, sai shanu 'yan kallo. Kullum bayan tatsa Ishiyaku yana can. Bappa ya iya gaisuwa, ya iya ƙirga, ya iya zagin saniya. Can tsakiyar bazara suka iso wurin da shi kansa malamin ya sha wuya a Kano, wato yadda Bature ke jera aiki bayan aiki. In zai ce yana son tafiya, sai ya sa wa tafiyar wata 'yar kalma a gaba. In zai ce ya gama tatsa, sai ya ɗaura wa tatsar wutsiya a baya. Bappa ya nemi dalili, Ishiyaku ya ce babu, haddacewa ake yi.

"To ai shanu ne, Kaɗo," in ji Bappa. "Wata a ja ta da igiya, wata a kora ta daga baya. Sai ka zauna da su kake sanin halin kowace."

Ranar Ishiyaku ya ci tuwo har da neman ƙari.

Sai ruwan shuka ya sauka. Gari ya waye kowa da sungumi a kafaɗa. A al'ada maigona ne zai je ya yi wa Bafulatani godiya, shi kuma ya gane ya kwashe. Ishiyaku ya je, ya zauna, ya ɗora darasi daga inda aka tsaya. Washegari ma haka. Zuwaira ta ce in Turanci za su tuƙa bana ya faɗa mata tun yanzu ta nemi tukunyarsa. Maƙwabcin gonarsa Mato ya aiko cewa dawarsa ta fara tsiro, in saniya ta taɓa ganye ɗaya sai gaban Dagaci.

Bappa ne ya raba gardamar. Ishiyaku ya iso da safe ya tarar an tuge turaka, an ɗaure ƙore a bayan takarkari. Ya ce ai saura kaɗan su gama wannan babin, ko kwana biyu ne a ƙara. Bappa ya ce ba shi ke da magana ba, shanu ne, kuma sun riga sun juya hanci arewa.

Ishiyaku ya ce bari ya taka masa. Rakiyar da ake yi zuwa bakin gona, sai ga shi sun wuce rafi, sun wuce gonakin Durba kaf, yana ta jefo jimla Bappa yana mayarwa, rabi daidai rabi a karkace. Da rana ta take, Bappa ya tsaya ya dogara sandarsa.

"Malam, koma. Laimar gonarka tana tafiya."

"Baɗi za ka sauka wurina?"

"In ciyawa ta kawo mu."

Ishiyaku ya tsaya a kan turba har kukan maruƙa ya daina isowa. Sannan ya juya. Gonakin mutane hagu da dama duk sun yi kore, tasa ce kaɗai baƙa ƙirin da taki, babu ko rami ɗaya. Ya shiga gida ya ɗauko sungumi da ƙwaryar iri. Zuwaira ta dubi fuskarsa, ta mayar da hankalinta kan tankaɗe.