Na'urar Kawu Ta Daina Ja

Mutum yana ƙarya, na'ura ba ta yi. Da wannan magana Farfesa ya buɗe bincikensa, sannan ya raba wa masu ciwon suga 'yan na'urori kamar tafin hannu. Ka huda yatsa, ka auna jini, ka danna lambar a ciki. In sugan ya yi daidai, koriyar fuska ta yi maka murmushi. In ya hau, ta yi ja, ta aika saƙo asibiti.

Sauran aikin ya bar wa Sista, malamar jinya.

Ita ta ga ta kanta. Wani tela ya naɗe tasa a ƙyalle ya kulle a akwati, kada kayan Farfesa su ƙarje. Wata tsohuwa ba ta ganin rubutun. Wani direba ya kawo tasa a mace, cajar ta bi wata motar. Mutane suka riƙa zamewa, Farfesa yana tambayar Sista ko ta iya magana da jama'a kuwa.

Don cike gurbi ta shigar da kawunta mai ciwon suga, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama.

Tun makon farko tasa ta yi ja. Farfesa ya tsayar da Sista gaban ɗalibai.

"Naki na gida ma ya gagare ki?"

Da ta koma ta juye wa Kawu haushin duka.  Daga ranar, kore. Kullum kore. Har Farfesa ya riƙa kafa misali da shi.

Bayan wasu watanni ta leƙa gidansa, ta tarar da shi da safa a ƙafa ɗaya, ɗakin yana wani irin wari.

"Kawu, cire safar nan."

"Sanyi nake ji, Uwata."

"Gumi fa kake yi."

Da ya cire, babban yatsan ya yi baƙi ƙirin. Ta auna jininsa da kanta, lambar ta hau sama ƙwarai.

"To me kake danna mata?"

"Abin da take so mana. Na gane halinta, ƙaramar lamba ce abincinta." Ya kau da kai. "Ko so kike a sake tsayar min da ke gaban yara?"

Washegari ta tare Farfesa a bakin ofis, yana saurin tafiya taro. Ta ce lambobin Kawu duk na bogi ne, a cire su, a kuma binciki na sauran.

"Sista, abin da ya shiga na'ura shi ne hujja. Naki zancen baki ne."

Ranar da Farfesa ya haska koren layin Kawu a bango aka tafa masa, a ranar aka yanke yatsan. Da allurar barci ta sake shi, Kawu ya dubi ƙafar, ya dubi Sista, ya rage murya.

"Miƙo min ita, Uwata. Lokacin dannawa ya yi, kar a ce kin yi sakaci."